Me zan bari a gida idan zan yi tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa?

Tambaya: Ni da maigidana za mu yi tafiyar shaƙatawa ta mako guda a babban jirgin ruwa, kuma wannan ne karonmu na farko. Na riga na cika manyan akwatuna biyu, ga sauran kaya zube a kan gado. Na kuma ji an ce akwai abubuwan da ake karɓewa a bakin shiga. Me ya kamata in rage?

Amsa:

Malama, kafin ki sake taɓa akwatin nan, ki fara cire wa ranki cewa otal za ki. Hotunan talla suna nuna gado mai laushi, wurin ninƙaya da manyan ɗakunan cin abinci, sai mutum ya haɗa kaya kamar wanda zai sauka a masauki. Amma jirgi ne a tsakiyar teku. Idan wuta ta tashi babu motar kashe gobara da za a kira, kuma kusan kowace safiya a ƙasar wasu zai wayi gari, masu nasu dokokin da ba su yi shawara da ke ba kafin su kafa su. Kusan duk abin da aka hana shiga da shi, daga ɗayan waɗannan biyun hanin ya samo asali. Sauran kayan da ba a hana ba amma za su zame miki wahala, ƙanƙantar ɗakin ce za ta yanke musu hukunci.

Yana da kyau ki san hanyar da kayanki za su bi. A tashar jirgin za ki miƙa manyan akwatuna ga masu ɗaukar kaya, kowanne an maƙala masa takarda mai lambar ɗakinki. Daga nan sai na'urar haska kaya, irin ta filin jirgin sama. Akwatin da aka hango wani abu a cikinsa ba zai zo ƙofar ɗakinki tare da sauran ba. Takarda za a aiko miki ko a kira ki a waya, ki sauka can ƙasan jirgin ki buɗe shi a gaban jami'an tsaro, a daidai lokacin da kowa ke sama yana kallon yadda gari ke nisa. Idan abu ne irin dutsen guga, za a karɓa a ba ki rasit, ki amshi abinki ranar sauka. Idan kuwa abin ya saɓa wa doka, ba a mayarwa, kuma yana iya jawo a hana mutum shiga jirgin baki ɗaya, kuɗin tikitinsa ya bi ruwa.

Mu fara da wuta, domin ita ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro, fiye da guguwa. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi a jirgin Star Princess yana kan hanyarsa daga tsibirin Grand Cayman zuwa Montego Bay a ƙasar Jamaika. Binciken hukumar haɗurran teku ta Birtaniya ya nuna cewa mai yiwuwa guntun sigari ne da aka yar ya faɗa kan wasu kaya a barandar wani ɗaki, ya yi ta ci a hankali kafin ya kama. Iskar teku ta hura wutar ta bi barandu, ɗakuna 79 suka lalace gaba ɗaya, fasinja ɗaya ya rasu. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin SOLAS, wato yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, game da irin kayan da ake gina barandu da su. Don haka idan ma'aikacin ɗaki ya ce kada ki bar tawul ko shanya a baranda, ba iyayi yake yi ba. Ki kuma tuna cewa manyan jiragen yanzu gari ne guda: Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata.

Saboda haka duk abin da ke yin zafi ko ke da harshen wuta, gida zai zauna. Dutsen guga na kan gaba, da ƙaramar na'urar nan mai warware tufafi da tururi, wadda mutane da yawa ke zaton ita ba guga ba ce. Haka butar lantarki, rishon lantarki, tukunyar girki ta lantarki, hita da bargon lantarki. Kyandir, turaren wuta da kaskonsa, shisha da gawayinta, duk an rubuta su a jerin abubuwan da manyan kamfanoni suka hana. Kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi da ke haɗe da ɗakin tuƙi, don haka ko an yi sa'ar wucewa da su, ba a yin sa'ar kunna su a ɓoye. In ƙamshin ɗaki kike so, turaren fesawa ya wadatar.

Na san abin da za ki ce: to yaya za a yi da kayan da suka yamutse? Ya danganta da kamfanin. Jiragen Princess da Cunard da yawancin na Carnival suna da ɗakin wanki na fasinjoji, da injin wanki da dutsen guga da teburinsa. Royal Caribbean da Norwegian ba su da irin wannan ɗakin, amma kina iya ba da kayan a goge miki ki biya. Dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce ki naɗe tufafi naɗi maimakon ninki, ki rataye su da zarar kin isa, wanda ya yi taurin kai kuma ki rataye shi a banɗaki lokacin da ake wanka da ruwan zafi. Na'urar busar da gashi tana nan a ɗaki, ba sai kin ɗauko taki ba, sai dai in gashin mai yawa ne, domin ta jirgin ba ta cika ƙarfi ba. Ƙarfen miƙar da gashi galibi ana barin sa, da sharaɗin a cire shi daga soket da an gama.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wayar jona wuta mai soket da yawa, musamman irin wadda aka ce tana kare na'urori idan wuta ta yi sama. A gida abin kirki ce. A jirgi haɗari ce, kuma dalilin ya cancanci a yi bayaninsa. A gini na kan tudu, daga cikin wayoyi biyun da ke kawo wuta soket, ɗaya ce ke ɗauke da ƙarfin, ɗayar an ɗaure ta da ƙasa. A jirgi ba haka aka tsara ba. An gina tsarin ta yadda idan waya ɗaya ta samu matsala wuta ba za ta ɗauke wa muhimman injina ba, saboda haka duka wayoyin biyu suna ɗauke da wuta, kusan bolt 60 kowacce a soket mai bolt 120. Ita kuwa na'urar gida, idan ta ji matsala waya ɗaya kawai take yankewa, wadda take zaton ita kaɗai ce mai wuta. Ɗayar tana nan tana ci, kayan cikinta suna ta ɗaukar zafi har su kama. Rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan a 2013, bayan gobara a ɗakunan wani jirgin dakon kaya. Wasu kamfanonin suna barin wayar jona wuta maras wannan kariyar, amma Royal Caribbean ta hana har masu soket da yawa tun 2024. Abin da ya fi sauƙi shi ne caja guda mai ramukan USB da yawa. Ɗakuna da dama suna da soket irin na Amurka da irin na Turai, don haka ƙaramin kan soket mai sauya baki zai ba ki damar amfani da duka biyun. Mai amfani da na'urar taimakon numfashi lokacin barci ya sanar da kamfanin tun kafin tafiya, su ne za su ba shi wayar da suka yarda da ita.

Duk waɗannan, iyakarsu a karɓe a mayar miki. Inda nake son ki fi natsuwa shi ne abin da zai iya haɗa mutum da hukumar wata ƙasa, domin a nan kamfanin jirgi ba ya iya ceton kowa, kuma jirgi ba ya jira. Lokacin tashi ya yi, tashi zai yi.

Magani ba a barin sa a gida, amma akwai yadda ake ɗaukar sa. Ki bar ɗabi'ar zazzage ƙwayoyi iri-iri a leda ɗaya ko a kwalbar da ba tasu ba. Kowane magani ya tafi a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai sunan mai shan sa, a jakar hannu, tare da rarar kwanaki ko da tafiya ta yi tsawo. Sannan ki duba dokar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kodin da tiramadol suna cikin magungunan da ake sa wa ido sosai, sai da takardar likita da izini tun kafin shiga. Japan ta hana magungunan da ke ɗauke da amfetamin gaba ɗaya, ko da likita ne ya rubuta, ta kuma hana wasu magungunan mura da sinadarin pseudoephedrine ya wuce kashi 10 cikin 100 a cikinsu. Singafo ma tana neman izini a kan wasu magungunan barci da na kashe ciwo masu ƙarfi. Irin wannan izinin yana ɗaukar kwanaki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin da ba shi da suna a jiki, gari ne ko ruwa, komai amfaninsa, a ganina gara ya zauna a gida, domin jami'in kwastan ba shi da hanyar sanin mene ne sai ya tsare mai shi ya aika da shi gwaji.

Tabar wiwi da duk abin da aka sarrafa daga gare ta, har da man CBD da alewarsa da ake sayarwa a fili a wasu ƙasashe, manyan kamfanonin jiragen sun hana, ko da da takardar likita. An taɓa hana fasinja shiga jiragen wani kamfani har abada a kan irin wannan alewar. Sigarin lantarki ma haramun ne shiga da shi Tailan da Singafo. Kuma kada ki karɓi ƙunshin saƙon kowa da ba ki buɗe kin gani da idonki ba. Duk abin da aka samu a akwatinki naki ne a idon doka.

Ga wani da ba kowa ke kawo shi a rai ba: tufafi masu dabbare-dabbare irin na kakin soja. A Barbados, Jamaika, Trinidad da Tobago, Antigua da Saint Lucia laifi ne farar hula ya sa su. A Barbados har yara dokar ta shafa. Hula, gajeren wando, jakar goyo, duk ɗaya ne. In jirginku yankin Karibiyan zai bi, ki duba kayan maigidan da kyau, domin a ɓangaren maza aka fi samun su.

Ƙaramin jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto ba a tashin sa daga kan jirgin ruwa ko a harabar tasha. Wasu kamfanonin suna ajiye wa mutum shi su ba shi idan an sauka, wasu ba sa barin a shigo da shi sam, ƙasashe irin Maroko da Masar kuma suna karɓe shi idan babu izini. Wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya ko Iridium ta sha jawo wa matafiya kamu a Indiya. Wuƙar da tsawon bakinta ya wuce inci 4, wato kusan santimita 10, da feshin barkono na kare kai, da bindigar wasan yara mai kama da ta gaske, duk ba sa shiga. Shi ya sa nake ba kowa shawarar ya zazzage jakarsa tas, ya laluba kowane aljihu kafin ya fara zuba kaya. A 2024 an tsare wasu Amurkawa a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da suka ce sun manta da su a jakunkunansu tun wata tafiyar, kuma har da wanda ya zo a jirgin shaƙatawa.

Ko man kariya daga zafin rana ma yana da nasa sharaɗin a wasu wurare. Ƙasar Palau ta hana masu sinadaran da ke cutar da murjanin teku tun 2020, tsibiran Virgin na Amurka ma haka a wannan shekarar, Hawai kuma ta hana sayar da masu oxybenzone da octinoxate daga farkon 2021. Ki juya kwalbar ki karanta. Wanda aka haɗa da zinc oxide ba tare da waɗancan sinadaran ba, ba shi da wannan matsalar.

Batun ci da sha ba ya buƙatar dogon bayani. Abinci ba ya yankewa a jirgin nan dare da rana, kuma yana cikin kuɗin tikiti. Abin da aka dafa a gida, nama, da ɗanyun 'ya'yan itace ba a shiga da su. Abin taɓawa da ke rufe a ledarsa ta kamfani yawanci babu laifi. Mai buƙatar abinci na musamman, saboda lafiya ko addini, kamfanin zai sanar tun da wuri, ba guzuri zai ɗauko ba. Idan za ki sauka yawo kuma, kada ki sako tuffa ko ayaba daga ɗakin cin abinci a jaka, musamman a Ostireliya da New Zealand, inda karnuka ke shinshina jakunkuna kuma ana cin tara nan take. Abin sha kowane kamfani da ƙa'idarsa: Carnival ta hana abin sha na kwalba ko na roba tun 2015, tana barin gwangwani ko kwali 12 ga mutum, Norwegian kuma ta hana shigo da ruwa da lemo tun 2016. Gorar ruwa da babu komai a ciki ta fi miki katan na ruwa, domin akwai inda ake cikawa kyauta.

Yanzu gwal da kuɗi. Na san ana son a fito fes a daren kwalliya, amma ki san matsayin doka. Yarjejeniyar Atina ta 1974, wadda ta tsara alhakin masu jiragen fasinja a ƙasashen da suka sa hannu, ta ce kamfani ba shi da alhakin ɓatan kuɗi, zinariya ko kayan ado sai in an damƙa masa su ajiya. Sharuɗɗan tikiti ma haka suke cewa, ko da ba kowa ke karanta su ba. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe a ɗaki, amma girmansa na fasfo da waya ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Kuma haɗarin ba a cikin jirgin ya fi yawa ba, a kasuwannin bakin tasha yake, inda kowa ya san baƙi sun sauka. Sarƙar da za ki yi kuka idan ta ɓata, ki bar ta. Tsabar kuɗi mai yawa ma ba ta da aiki, domin a cikin jirgi ba a ciniki da ita: katin ɗakinki shi ne makulli, shi ne shaidar shiga da fita, da shi kuma ake sayen komai. Ɗan canji na sauka da na kyautar ma'aikata ya isa.

Sai mu dawo kan akwatunanki biyu. Ɗakin da ba na alfarma ba yawanci bai wuce murabba'in mita 14 zuwa 17 ba, har da banɗaki. Ƙarƙashin gado ake tura akwati, wanda ya cika kauri kuma ba ya shiga, sai ya zauna a hanya kuna tsallake shi mako guda. Idan sai kun hau jirgin sama kafin ku kai tashar, iyakar kilo 23 da yawancin kamfanonin sama ke sa wa akwati ita za ta fara kama ki.

Tawul kada ki ɗauki ko ɗaya. Akwai na wanka, akwai na wurin ninƙaya da ake aro har a sauka da shi bakin teku, sai dai a mayar, in ba haka ba a caje ki. Sabulu, hanga, filo, rigar ceto, duk suna nan. Takalma su ne suka fi cin wuri a banza: na yawo mai daɗin tafiya, silifas, da ɗaya na fita da dare sun isa. Mai tsini sosai ba ya jituwa da daɓen da ke motsi kuma yake yawan jiƙewa. Kayan daren kwalliya kuwa ki duba kamfanin tukuna. Cunard har yanzu tana riƙe da tsarin shigar alfarma a wasu darare, Norwegian kuwa ta daɗe da sakin wannan, sauran suna tsakani. A tafiyar mako guda dare ɗaya ko biyu ne, ba bakwai ba. Abin da na lura shi ne rabin kayan da ke cika akwati kayan "ko da" ne: ko da an yi sanyi, ko da an gayyace mu wani wuri, ko da wannan ta ɓaci. Ki ɗauki rigar sanyi ɗaya mai sauƙi, domin iskar dare da na'urar sanyaya ɗakin cin abinci suna da kaifi, sauran "ko da" ɗin ki mayar da su kabad. Lasifikar kiɗa ma ki bar ta. Carnival ta hana ta a ƙarshen 2024 don kada ta danne sanarwar gaggawa, kuma bangon ɗakunan ba ya ɓoye sauti. Ƙyallen goge jiki mai danshi, in ya zama dole ki tafi da shi, kada ya shiga masai. Na jirgi da iska yake zuƙa ta siraran bututu, ƙyalle ɗaya yana iya toshe layin ɗakuna da yawa.

Jerin abubuwan da aka hana yana sauyawa, kamar yadda kika gani a shekarun da na ambata, don haka ki buɗe shafin kamfaninku ki karanta nasu jerin a makon tafiyar, ba wanda wata ta karanta bara ba.

Wajen ragewa kuma, akwai abin da ba ya shiga babban akwati ko kaɗan: fasfo, biza, takardar shiga jirgi, magani, caja da kayan sawa na canji ɗaya. Akwati yana iya kaiwa yamma ko dare kafin ya iso ɗaki a ranar farko. A daren ƙarshe ma haka abin yake ta ɗaya gefen: ana fitar da akwatuna ƙofar ɗaki kafin a kwanta, ma'aikata su kwashe, ba za ki sake ganin su ba sai a tasha. Ki ware kayan da ku biyun za ku sa da safe da takalmansu kafin ki ja zif.